Bindigar da Ta Fi Maigida Tsawo

Ni 'yar maƙera ce. A Dutsin-Ma aka haife ni, kuma tun ban iya ɗaura zane ba na san warin albarushi. Babana yana ƙera garma da fartanya kamar kowane maƙeri, amma abin da ya yi suna a kai shi ne bindiga, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baka, a danna da sanda, a harba sau ɗaya a sake ɗuri. Maharba daga Karofi da ƙauyukan kewaye wurinsa suke zuwa. Ba shi da ɗa namiji a lokacin, don haka ni na riƙe masa zuga-zugi har na isa aure. Abu biyu na gado daga wurinsa, tsawo da saurin fushi, kuma duka biyun ban rage komai ba.

Shekaru kaɗan kafin mulkin kai aka kai ni aure Wurma, ta wajen Kurfi. Gwaggona da ke zaune can ita ta haɗa abin, kuma ban taɓa yi mata ƙorafi ba, don mijin da ta samo mini mutumin kirki ne, ga noma, ga haƙuri. Sai dai gajere ne. Ba gajeren da ake rufa wa asiri a ce matsakaici ba. In mun tsaya tare tsakar kansa nake kallo. Shi ma ya san da haka, shi ya sa duk hulunansa dogaye ne.

Mahaifinsu ya rasu tun kafin in zo, muna cikin gandun wansa: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Wan nasa ba mugu ba ne, bai taɓa hana mu ci ba. Amma shi ke auno hatsi kowace safiya, kuma ko wake nake sha'awa sai na jira ranar da ya ga dama. Ni kuwa ban iya jira ba. Ina son in ɗora tukunyata a kan murhuna, in sa gishiri yadda na so, in ya yi yawa ni na jawo. Na dami maigida da maganar har ya yi ƙarfin hali ya same shi. Wan ya yanka masa wata gona a gindin duwatsu, ya ce in ta ciyar da mu shekara guda, shi ke nan, mun zama gidan kanmu. In kuwa ta kasa, mu koma gandu, kada wanda ya sake tayar da zancen.

Gonar tana da kyau, amma da masu ita muka tarar. Jajayen birai ne a duwatsun nan, garke guda. Geron da muka shuka tare muka ci da su, kuma su suka ɗauki babban rabo. Abin da ya rage mana shi ne waken da ke ƙarƙashi, wanda ya yi yabanya har ana tsayawa kallo. In ya tsira, za mu musanya shi da hatsi mu kai wata damina. In birai suka cinye, to, sai in koma riƙe ƙwarya ina jiran awo.

Maigida ya aro bindiga wurin wani maƙwabci, 'yar gajera mai faɗin baki. Kwana biyu ta yi tana ba biran tsoro, a na uku suka gama karantar ta. Suka gane inda harbinta ke faɗuwa, sai su zauna a kan wani falalen dutse gaba kaɗan da wurin, hankalinsu kwance. Akwai wani babba a cikinsu da ke zama yana susar ciki yana kallon maigida yana harbi. Da hayaƙi ya lafa, sai su sauko. Wata rana ya dawo ya ba ni labarin susar cikin nan. Na ce masa ai maganin wannan bindiga mai cin nisa, kuma duk ƙasar nan mutum ɗaya na sani da ke yin ta.

Ya san wanda nake nufi, kuma ba abin da yake tsoro a duniya kamar zuwa gaban surukinsa.

Babana yana da yadda yake zaɓa wa mutum bindiga, kuma bai taɓa saɓawa ba. Zai ji abin da za ka harba da nisan da kake so. Daga nan sai ya ce ka tashi tsaye, ka tuɓe takalmi, ya kafa gindin bindigar tsakanin ƙafafunka. In bakinta ya wuce haɓarka, ba taka ba ce, ko da kuwa ka yi kuka. Dalili kuwa, a tsaye ake ɗura ta. Dole idonka ya ga abin da kake zubawa, hannunka kuma ya iya ɗaga sandar ɗuri sama ya cusa ta. Na ga ya kori manyan maharba saboda wannan. Duk na faɗa wa maigida a hanyarmu ta zuwa Dutsin-Ma, ina kan jaki yana ja. Ya ce ya ji.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, Baba bai taɓa ganin mijina a tsaye ba. Ranar ɗaurin aure ango ba ya zuwa gaban uban amarya. Bayan nan kuwa duk gaisuwar da ya zo, tun daga waje yake tuɓe takalmi, ya shigo zaure a duƙe, ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Baba kuma ya juya masa ƙeya yana amsawa, don shi ma kunyar surukin yake ji. Abin da ya sani game da mijin 'yarsa bai wuce doguwar hula da babbar riga da wata murya mai cewa "lahiya lau, Baba" ba.

Muka isa ranar kasuwa da hantsi. Na shige cikin gida, na gaida Inna a gurguje, na dawo na laɓe bayan ƙofar zauren ta ciki, inda nake ganin komai. Suka yi gaisuwa doguwa, aka tambayi damina, aka tambayi mutanen Wurma, aka sake tambayar damina. Da ƙyar maigida ya kawo zancen birai, shi ma kamar labarin gonar wani yake bayarwa.

Baba ya tambayi garwashin wutar ƙirarsa, "Wace iri aka so?"

Maigida ya amsa wa ƙasa, "Wadda ta hi cin nisa, Baba."

Sai Baba ya shiga bayani, yana fuskantar bango. Ya ce akwai ta bututun famfo, mai sauƙin ɗauka da faɗin baki, tana watsa guntayen ƙarfe, ta dace da zabin daji a kusa. Amma tana da ɗinki a jikinta, in ka cika mata albarushi don neman nisa, ita za ta fashe kafin naman ya ji. Mai neman nisa, in ji shi, ƙarfen sitiyarin mota yake nema, mai kauri, mai matsattsen rami, wanda ba ɗinki. Ba a zuba mata tarkace, darma ɗaya ake narkawa daidai bakinta. Tsawon kuma shi ke sa albarushi ya gama ci kafin darmar ta fita, shi ke miƙar da ita. Duk jimlar da ya kai, maigida sai ya ce haka ne. Da Baba ya ce bindigar da tsiya ake yin ta, haka ne zai ce.

Daga nan Baba ya miƙa hannu saman rufi ya zaro wata da na sani. Daga sitiyarin wata babbar mota da ta mutu a hanyar Katsina ya yi ta, kuma wa kansa ya yi ta, daidai haɓarsa. Gabana ya faɗi. Baba sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakinsa.

Lokacin awo ya yi. Na ga Baba ya buɗe baki zai ce a tashi, na ga ya rufe. Cewa suruki ya miƙe tsaye yana nufin a ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, a matso kusa da shi har a taɓa haɓarsa, kuma wannan Baba ba zai iya ba. Maigida kuma ya san ana awo, amma ya miƙe a gaban surukinsa ba a ce ya miƙe ba? Gara a yanka shi. Ni ce kaɗai na san tsawon kowa, kuma ni 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, balle in tsaya gabansa in ce mijina gajere ne. Sai na yi tari. Na sake yin tari mai ƙarfi. Baba ya ɗaga murya ya ce a ba yarinyar can ruwa.

Ya kwantar da bindigar a ƙasa ya tura ta baya da hannu ɗaya, ya ce kyauta ce, kada a yi masa wata magana. A kwance kuwa ba a ganin tsawon abu sosai. Maigida ya yi ta godiya, ya ja ta da baya da baya yana duƙe har ya fita. Na zagaya ta ƙofar baya na same shi a waje ya tsayar da ita. Bakinta ya wuce haɓarsa, ya wuce hancinsa, ya wuce hular ma. Yana tsaye ya ɗaga kai yana kallon ta, ni kuma na rasa ko dariya zan yi ko faɗa, sai na yi duka biyun.

Na ce ya koma a rage ta. Ya ce ya koma ya ce wa Baba me, kyautarsa ta yi yawa? Kuma in aka yanke ta, nisan da muka zo nema ya tafi. Na koma wurin Inna, ita kuma ta toshe baki da gefen zane ta ce ba ta shiga tsakanin surukai. Haka muka kamo hanya da ita a kafaɗarsa. Kafin mu kai Kurfi mutum biyu sun tambaye shi ko rufin ɗaki zai yi, suna zaton azara ce.

A gida ya gano in ya hau turmi yana iya ɗura ta. Sai ya zama kullum da safe ya hau turmina ya ɗura, ya tafi gona da harbi ɗaya. Bindigar kuwa ba ta yi ƙarya ba. Ya kafa gwafa ya ɗora bakinta a kai, don hannunsa ba ya iya riƙe nauyin, ya ja kunama. Darmar ta kai falalen dutsen nan ta ɓantare shi a gefen babban birin. Shi ya ce da gangan ya yi, gargaɗi ne. Ni dai na san kuskure ya yi, amma na bar masa. Biran suka watse, suka zuba ido. Da suka ga shiru, na biyu bai zo ba, suka sauko suka ci na ranar.

Ya nemi ya ɗauki turmin zuwa gona, na ce da me zan yi daka. Ya gwada karkata ta ya ɗura, albarushin ya manne a jikin ramin bai kai ƙasa ba, bindigar ta yi ɗan tari ta yi shiru. Sai ya yi dabara ya haƙa rami ya zura gindinta a ciki. Wannan ta yi aiki, har ya dawo gida yana taƙama. Amma biran suka sauya gefe, ya haƙa wani ramin, suka sake sauyawa. Kafin mako ya fita, gonar ta cika da ramuka, yashi kuma ya toshe ɗan ramin da wuta ke shiga. Ya ja kunama ta ƙi tashi, birai suna kallo. Ranar ya dawo bai ci tuwo ba. Ya ce kusurwar gabas duk ta tafi, in aka ci gaba a haka, kafin waken ya bushe ba abin da za a tsinta.

Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya fi tausayin yawa. Na wanke bindigar na fitar da yashin da ƙaya, kamar yadda na ga ana yi tun ina ƙarama. Na kafa ta tsakanin ƙafafuna don in duba cikinta, sai ga bakinta daidai haɓata. Maigida yana zaune yana kallo. Sai ya ce, "Ɗiyar maƙera, gobe ki ɗauko kwando."

A Wurma mata suna zuwa roron wake, don haka ba wanda zai ga mace da kwando a hanyar gona ya yi mamaki. A ƙarƙashin kwandon nan ƙahon albarushi ne da darma da tsumma. Muka raba aiki. Ni in kafa ta, in zuba albarushi, in tura tsumma, in danna, in jefa darma, in sake danna, in auna da yatsu abin da sandar ta rage a waje don in tabbatar ban cika ba. Shi kuma ya ɗora a gwafa ya harba. Bindigar tana da hauri, kowane harbi sai ta zaunar da shi, har na koma tsayawa a bayansa ina tare shi da gwiwa. Ya harba na farko, biran suka jira kamar yadda suka saba, suka fara saukowa, sai na biyu ya tashi. Ban manta yadda babban nan ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama ba. Na uku ya same shi a cinya, ko kusa da cinya, ya danganta da wanda ke ba da labarin. Daga ranar suka koma can ƙolin dutse, sai dai su gwada mu da sassafe ko da la'asar.

Na ji daɗin kwanakin nan ƙwarai. Hannuna ya yi baƙi, zanena yana warin hayaƙi, amma waken yana nan yana bushewa a gabana.

Sai dai harbi a jere ba ya ɓoyuwa. Mutane suka fara tambayar yadda aka yi gajeren mutum ke ɗura doguwar bindiga da sauri haka. Wata mai itace ta hango mu, kafin azahar labari ya kai bakin rijiya. A wancan zamani a ce mace ke ɗura wa namiji bindiga, abin dariya ne da zai bi mutum har tsufa. Maigida ya san ana yi da shi a dandali, bai dai faɗa mini ba.

Wata la'asar ina tsaye na zuba albarushi, sanda na hannuna a sama, sai na ji sallama a bayanmu. Wan maigida ne. Wan miji kuwa suruki ne, ban taɓa tsayawa a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Kafin in yi tunani gwiwoyina sun kai ƙasa, na ja mayafi na rufe fuska. Bindigar ta tafi za ta faɗi, maigida ya rungume ta.

Wan ya ce ya ji wata magana ce ya zo ya gani da idonsa. Ya ce gidansu ba a taɓa yin haka ba. In gonar ta fi ƙarfin ƙanensa, ba abin kunya ba ne ya dawo gandu, rumbu yana nan, ba wanda zai ce masa komai. A hankali ya yi maganar, kuma na san da zuciya ɗaya ya yi ta, wannan ya sa ta fi zafi. Ina tsugune ina jin zuciyata tana tafasa, ba damar in ce uffan. Ta ƙasan mayafi kuma ina hango biran. Sun ga doguwar nan ta ɓace daga tsaye, sun fara gangarowa ɗaya bayan ɗaya.

Maigida bai taɓa musa wa wansa ba tun da na san shi. Na jira in ji ya ce to. Sai na ji ya ce, "Yaya, abin da anka hwaɗa maka gaskiya ne. Ita ka ɗuri, ni ka halbi." Ya juyo gare ni ya ce, "Tashi ki ida."

Ban san tsawona yana da nauyi ba sai ranar. Na miƙe a gaban wan mijina, na yi ta miƙewa kamar ba zan ƙare ba, har na ga ashe shi ma na ɗan fi shi. Na tura tsumma, na danna, na jefa darma, na danna. Maigida ya ɗora a gwafa ya harba. Ban tsaya a bayansa ba saboda kunya, don haka bindigar ta zaunar da shi daɓas a gaban wansa, hular ta yi nata wuri. Biran suka koma sama a guje. Wan ya dubi dutsen, ya dubi ƙanensa a ƙasa, ya ɗauko hular ya kakkaɓe ya miƙa masa. Ya ce Allah shi ba da sa'a, ya tafi. Ba mu san ko fushi ya yi ba, kuma har aka gama roro bai sake cewa komai a kai ba.

Waken ya tsira, ban da kusurwar gabas. Muka musanya abin da za mu musanya, muka cika ɗan rumbun da maigida ya gina, muka duba muka ga zai kai mu. Amma wan bai buɗe baki ya ce mun rabu da gandu ba, kuma sai ya faɗa abin zai tabbata. Na kasa haƙuri. Na ɗora tukunya a kan murhuna na dafa wake da man gyaɗa da yaji, na zuba a akushi, na ce wa maigida ya kai gidan wansa. Abinci bai taɓa tashi daga wurinmu ya tafi can ba, kullum daga can yake zuwa. In ya karɓa, ya yarda mu gida ne. In ya mayar, na san matsayina.

Na zauna a bakin murhu ban iya cin nawa ba. Maigida ya daɗe, har na fara shirya faɗan da zan yi. Sai ga shi ya shigo da akushin a rufe, ya ajiye a gabana, ya ce Yaya ya cinye, ya ce gishiri ya ɗan yi yawa. Na buɗe. An wanke shi tas, a ciki kuma ga wani ƙulli a ganye, don ba a mayar da akushin maƙwabta hannu wofi. Na kwance, na ga albarushi ne, mai kyau, irin na kanti.

Maigida ya ce, "Cewa ya yi a ba mai ɗuri."

Na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan hawayen suka ci gaba su kaɗai. Maigida ya matsar da ƙullin nesa da wuta, ya jawo tukunyar ya zuba mana.